Jar fitilar batir a hanyar Kafanchan: Abin da mai mota zai sani kafin ya sauya altaneto a gida

Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu, titunan Kafanchan kan cika da motocin Abuja. Ba su da wuyar ganewa: lambobin ABJ da RSH da BWR, takardar shiga harabar wata ma'aikata manne a gilashin gaba, but kuma cike da buhun shinkafa da jarkar man girki. Ma'aikatan tarayya ne ƴan asalin Kudancin Kaduna suka zo gida Kirsimeti, wasunsu ba sa juyawa sai sun ga bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Ƴan uwansu Musulmi na masarautar Jama'a su ma haka suke yi da Ƙaramar Sallah da Babba. Tafiya ce ta awa uku zuwa huɗu, ko ta Keffi da Akwanga da Gwantu, ko ta Bwari da Jere da Kagarko da Kwoi. Ga motar da iyakarta Kubwa zuwa Sakatariya, wannan ce tafiyar da ke tona asirin duk wani ciwo da take ɓoyewa.

A irin wannan tafiya ce wata ƙaramar jar fitila mai siffar batir kan kama a gaban direba. Motar ba ta tsaya ba, injin bai sauya murya ba, don haka sai a ci gaba da tafiya. Washegari da safe a ƙofar gidan tsofaffi, a murɗa makulli, sai dai a ji ƙas-ƙas. Hoton batir aka gani, saboda haka batir ake zargi. A aiki yaro kasuwa ya sayo sabo, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Bayan kwana ɗaya ko biyu sabon ma ya kwanta, domin tun farko ba shi ne mai laifin ba. Fitilar nan ba lafiyar batir take faɗa ba. Abin da take sanarwa shi ne na'urar da ke ciyar da batirin, wato altaneto, ta daina ba da wuta.

Asarar kuɗin batir ita ce ƙaramar matsala. Motar da altanetonta ya mutu tana tafiya ne da ragowar wutar da ke cikin batir, kuma wannan galibi ba ya wuce rabin awa zuwa awa guda da rana. Da dare kuwa, ga fitilu ga fankar lagireto, bai kai haka ba. Wanda ya baro Kafanchan da la'asar ranar Lahadi don ya riski ofis ranar Litinin, yana iya samun kansa a tsaye cikin duhu tsakanin Kwoi da Kagarko, ko a dajin da ke tsakanin Jere da Bwari, da iyali a mota, babu ko fitilar gargaɗi. Mutanen yankin ba sa bukatar a tuna musu dalilin da ya sa ba a son dare ya yi wa matafiyi a waɗannan hanyoyi.

Yadda nauyin ya dawo kan ma'aikaci

Da can, lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, yake cika ma'aikatu da 504, babban ma'aikaci bai san ciwon kan altaneto ba. Akwai direba, akwai sashen sufuri, akwai garejin gwamnati. Tun 2003 da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na gida da na mota kuɗi a cikin albashi, aka sayar da yawancin motocin hukuma, ɗawainiyar mota ta koma aljihun mai ita. Abin da albashin ya iya saye shi ne tokumbo: Corolla, Camry da ake wa laƙabi da Big Daddy ko Muscle, Accord da aka fi sani da EOD, ko tsohuwar 406. Da yawa daga cikinsu sun haura shekara 15, kuma altaneton da suka fito da shi daga masana'anta ne har yau a jikinsu.

Sai kuma ga 2023. An janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, litar fetur a Abuja ta wuce naira 1,000 a Oktoban shekarar. Kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu dala yake bi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. A wannan hali ne ma'aikacin da bai taɓa riƙe sifana ba ya fara buɗe bonet yana kallon bidiyon gyara a wayarsa. Ba laifi ba ne. A motoci da dama, sauya altaneto aiki ne da mai haƙuri zai gama cikin awa biyu a tsakar gida. Sai dai kuɗin aikin makanike shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Inda ake tafka asara shi ne sayen abin da bai lalace ba, kuma mai gyara a gida ya fi kowa faɗawa wannan rami.

Me ke cikin gwangwanin

Altaneto ƙaramin janareto ne da injin mota ke juyawa ta hanyar fambel. Batir aikinsa tada mota. Da zarar injin ya kama, altaneto ne ke ɗaukar komai, daga fulogi da famfon mai zuwa fitilu da na'urar sanyaya mota, kuma shi ke mayar wa batir abin da ya kashe. Kafin shekarun 1960 motoci dainamo suke amfani da shi, wanda ba ya ba da wutar kirki idan injin na tafiya a hankali. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sanya altaneto a motar kasuwa, ƙirar Valiant ta 1960, sauran suka biyo baya.

A cikinsa akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa wanda ke zama maganaɗisu idan wuta ta shige shi, da naɗin wayar tagulla da ke kewaye da shi, inda ake haifar da wutar. Wutar da ke fitowa mai kai-da-komo ce, irin ta gida, batir kuma ba ya karɓar ta, sai wasu ƙananan ƙofofi da ake kira dayod, galibi guda shida, su miƙar da ita. Akwai mai daidaita ƙarfin wuta, wanda makanikai ke kira kat-awut, da burushi biyu na gawayi masu goga a jikin zobba, da boris biyu da dunƙulen ke juyawa a kansu. Amfanin sanin wannan ɗaya ne: ba kasafai altaneto ke mutuwa gaba ɗaya ba. Yawanci burushi ne ya cinye, ko kat-awut ya ƙone, ko boris ya fara kuka, kuma kowannensu ana sauya shi shi kaɗai da kuɗi kaɗan.

Yanayin Kudancin Kaduna ba ya sassauta masa. Damina a Kafanchan da Kagoro ta fi ta Zariya ko Kano tsawo da ƙarfi, kuma motar da ta kutsa kududdufi a hanyar ƙauye tana watsa wa altaneto ruwan laka. Da hunturu, ƙura ce ke bin iskar da fankarsa ke zuƙa. Amma abokan gabansa na haƙiƙa biyu ne, kuma duk daga hannun mutum suke: baƙin mai da ke ɗiga masa daga murfin injin da aka ƙi gyarawa, da tiyon mai wankin mota da ake saita wa injin mai zafi don ya yi ƙyalli kafin a shiga gari.

Mita kafin sifana

Kafin a kwance noti ko ɗaya, sai an gwada. Ƙaramar mitar auna wuta, wadda masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke amfani da ita, ta isa, kuma kuɗinta bai kai rubu'in na batir ba. A saita ta a kan wutar batir, a ɗora jar waya a kan mai alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar debewa. Batir mai lafiya da ya huta, injin a kashe, zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Idan ya nuna 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Sannan a tada mota. Altaneto mai aiki zai ɗaga lambar zuwa tsakanin 13.5 da 14.7. A kunna fitilu da fanka da na'urar sanyi, lambar ta ɗan sauka amma kada ta faɗo ƙasa da 13. Idan injin na aiki lambar na zaune a 12 da ɗoriya tana raguwa, babu caji. Idan ta haura 15, kat-awut ya saki, kuma wannan ya fi rashin caji haɗari, don yana tafasa batir yana ƙona ƙwayayen fitila. Wasu sabbin motoci, da wasu ƙirar Honda, ƙwaƙwalwar mota ce ke rage cajin da gangan idan babu nauyi, shi ya sa gwajin da fitilu a kunne ya fi gaskiya.

Ko da mita ta ce babu caji, ba a yanke wa altaneto hukunci ba tukuna. Fambel ya saki ko ya tsage? Kan batir ya yi farin gari ko yana motsi da hannu? Soket ɗin bayan altaneto ya zauna daram? Babban fis ɗin da ke akwatin kusa da batir, wanda a Toyota aka rubuta masa ALT, yana nan lafiya? Kowanne cikin waɗannan na iya kunna jar fitilar nan, kuma gyaransa bai kai kuɗin abincin rana ba. Idan kuwa fambel ne ya tsinke ɗungurungum, kada a ƙara ko taku, domin a Corolla da Camry masu silinda huɗu na wancan zamani shi ne kuma ke juya famfon ruwa, injin zai yi zafi cikin mintuna.

Akwai wani gwaji da ya zama ruwan dare a bakin titi, wanda ya kamata mai mota ya hana da babbar murya: a tada injin, a zare kan batir, a ce idan mota ba ta mutu ba altaneto lafiya lau. A zamanin 504 mai kafireto an sha yin haka an kwana lafiya. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, batir ne ke shanye tsallen wuta. Idan aka cire shi injin na aiki, tsallen na iya ƙona dayod ɗin altaneton da ake gwadawa, ko ƙwaƙwalwar kanta, wadda kuɗinta ya ninka nasa.

Gyara, tokumbo ko sabo

Kafanchan gari ne da ya san ƙarfe. Jirgin ƙasa ne ya raya shi tun 1927, lokacin da ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal ta Enugu da Makurdi zuwa Kaduna da reshen da ya haura Jos, ya jawo masu sana'ar hannu da ƴan kasuwa daga kowane sashe na ƙasar. Jirgin ya daɗe da yin shiru, amma masu gyaran wutar mota, waɗanda ake kira riwaya, da shagunan kayan gyara suna nan. Ga motocin da suka cika hanya, irin su Corolla da Camry da Golf da Sharan na haya, ba sai an je nesa ba. Wanda ke da mota mai wuyar kaya kuwa sai ya aika Jos, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a ba direban tasha ya kawo, abin da ke cin kwana guda ko biyu.

Shawarar da ta fi dacewa da aljihun ma'aikaci ita ce tsaka-tsaki: ya kwance da kansa, ya ɗauki altaneton a hannu ya kai wa riwaya, a buɗe a gabansa. Idan burushi ne ko kat-awut ko boris, a sauya, ya koma gida da kayansa na asali, wanda sau da yawa Denso ne ko Bosch ko Valeo, kuma ya fi yawancin abin da ke cikin kwali mai sheƙi. Idan naɗin tagullar ne ya ƙone, ya yi baƙi yana warin ƙauri, akwai masu sake naɗi, amma ingancin aikin ya rataya ne ga wayar da aka yi amfani da ita, kuma mai mota ba shi da hanyar tantance ta. A nan tokumbo na gaske ya fi kwanciyar hankali.

Kalmar “na gaske” ita ce wahalar. Akwai wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari a Turai ko Amurka, akwai kuma wanda ya mutu a nan gida aka wanke shi da fetur aka fesa masa fenti. Fenti a kan notuna da soket alama ce ta a yi hattara. A juya fuli da hannu a saurara, kada a ji gurnani ko sassauci. A sa mai shago ya gwada shi a gaban mai saye, a kuma rubuta kwanakin garanti a rasit, ba a baki ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su yi aikin da aka saye su dominsa ba, amma wanda ba shi da rasit kuma zai bar gari jibi, dokar ba za ta yi masa rana ba.

Kada a je saye ba tare da tsohon a hannu ba. Altaneto biyu na iya kama da juna kamar tagwaye, amma soket ɗin wannan ƙafa uku, na wancan huɗu, ko layukan fulin su bambanta, ko kunnuwan ɗauri su goce da kaurin yatsa. Mota ƙira ɗaya, shekara ɗaya, wadda aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa Turai ba lallai kayansu su zo ɗaya ba. A duba lambar da ke jikin takardarsa, da adadin amfiya, wato lambar da harafin A ke biye da ita. Wanda ya fi tsohon amfiya kaɗan ba matsala, wanda bai kai shi ba zai gaji da wuri.

Aikin kansa

Da safe ake farawa, injin a sanyaye, mota a kan daidai, burkin hannu a ja, makulli a aljihu. A cire zobe da agogon ƙarfe. Abu na farko, wanda ba a tsallakewa ko ana sauri, shi ne kwance kan batir mai alamar debewa, na baƙar waya, a kautar da shi gefe. Kaurin wayar da ke bayan altaneto a haɗe take da batir kai-tsaye ko mota a kashe take. Sifana ta taɓa ta ta taɓa jikin injin, tartsatsi zai tashi, babban fis ya ƙone, zoben aure kuma ya yi ja a yatsa. Masu Honda su tabbata suna da lambar buɗe rediyonsu tun kafin su cire batir.

Sai a ɗauki hoton yadda fambel ya bi ta kan fulika, daga sama da kuma gefe. Wanda ya raina wannan mataki zai shafe la'asar yana jujjuya bel kamar mai warware ƙulli. A yawancin motocin yanzu bel ɗaya ne ke juya komai, kuma wani fuli mai sifirin, da makanikai ke kira ajasta, ke riƙe shi da ƙarfi. A sa doguwar sifana a kansa a danna, bel ya saki, a zame shi daga kan altaneto, yatsu nesa da tsakanin bel da fuli. A tsofaffin motoci babu wannan, notin da ke kan dogon kunne ake sassautawa a tura altaneton ciki.

Daga nan a danna harshen soket a zare shi a hankali, don robar ta sha zafin shekaru tana karyewa kamar ƙanzo. A ɗaga hular robar da ke rufe babbar waya, a kwance notinta. Saura notuna biyu ko uku da ke riƙe da jikinsa, mafi yawa masu lamba 12 da 14 a motocin Japan. Ko an cire su yakan cije a mazauninsa, sai an ɗan girgiza shi ko an banƙare shi da ƙarfe, ba tare da an jingina da bututun na'urar sanyi ko lagireto ba. A ajiye sabon kusa da tsohon a ƙasa a sake kwatantawa. Mayarwa bin sawu ne a juye: a fara ɗaura kowane noti da hannu kafin a matse, a goge bakin babbar waya ya yi haske, a matse ta daidai ba da ƙarfin tuwo ba, a mayar da bel bisa hoton, a bi kowane fuli da ido a ga layukan sun zauna. Idan bel ɗin ya tsattsage, yanzu ne lokacin sauya shi. Kan batir shi ne na ƙarshe.

Abin da aka fi mantawa shi ne batirin da ya kwanta. Altaneto ba a yi shi don tada mataccen batir ba. Idan aka haɗa waya da motar maƙwabci aka tashe ta, aka bar sabon altaneton da dakon cika batir daga tushe, zai yi zafi fiye da kima tun ranar farko. A kai batirin wurin masu caji ya kwana, a ɗauko shi da safe.

Ba kowace mota ba ce

A Corolla da Camry masu silinda huɗu, altaneto na sama, ido na ganinsa, hannu na kai masa. A Sienna da Highlander da sauran masu silinda shida, yakan shige lungu, wani lokaci sai an cire fanka ko taya ko an shiga ƙarƙashi, kuma shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ganganci ne da rai. Motoci masu haɗin fetur da lantarki irin Prius ba su da altaneto sam, kuma wayoyinsu masu ruwan lemo na ɗauke da wutar da ke kisa. Sai kuma motar ofis. Hadimi ko direban da motar maigidansa ta hukuma ta mutu a hannunsa a Zonkwa ko Kachia, waya zai buga wa jami'in sufuri kafin ya taɓa noti. Gyaran da ba a rubuce yake ba, ko ya yi kyau, takardar tuhuma yake jawowa ranar da masu binciken kuɗi suka zo.

Bayan an haɗa komai, a tada mota a duba: jar fitilar ta mutu, bel ba ya ƙara, mita na nuna wajen 14. Toyota kan ɗan yi rawar injin na ƴan mintuna bayan an cire mata batir, ba abin damuwa ba ne. Gwajin tsakar gida bai isa ba, domin akwai kat-awut da ke aiki da sanyi ya saki idan ya ɗau zafi. A kai ta Kagoro a dawo, ko a leƙa magangarar ruwan Matsirga, fitilu da na'urar sanyi duk a kunne, a sake ɗora mita kafin a kashe. Ranar komawa a fita da hantsi, mita da sifana mai lamba 10 a aljihun mota, lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a waya, a kuma tsaya a Kwoi ko Gidan Waya a sake aunawa tun gida bai yi nisa ba.

Tsohon altaneton kuma kada a bar wa mai shago a banza. Ko dai a sa ya rage kuɗinsa daga farashi, ko a naɗe shi a buhu a jefa but, a kai shi Apo a sauya masa burushi ya zama na ajiya kafin tafiyar Ista.